Darasin Kokawa a Kicin ɗin Barking

A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasarmu, gwamnati ta tura ni kwas Landan, ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Na kama ɗaki a unguwar Barking, gidan wani tsoho ɗan ƙasar Hangari. Ƙato ne na gaske, sai ya karkace yake shiga ƙofa, kunnuwansa a dunƙule kamar ƙosai. A ƙuruciyarsa shi ne zakaran kokawar manyan ƙarti a ƙasarsu, har ƙasashen waje ake kai shi, kafin rikici ya koro shi Ingila ya ƙare da dako a tashar jiragen ruwa.

Jininmu ya haɗu ne don na ce masa kakana ɗan kokawa ne. Ban gaya masa ni ko akuya ban taɓa kayarwa ba.

Gwiwoyinsa sun riga sun gaji. Wata nas da ke zuwa duba shi duk Talata ta faɗa masa, ranar da ya kasa tashi da kansa, gidan tsofaffi za a kai shi. Gidan tsofaffin nan ya fi mutuwa ba shi tsoro.

Wata safiya na tarar da shi zaune a ƙasan kicin, shayi ya zube. Na miƙa hannu na ce, "Baba, kawo." Ya doke hannun. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata to ka yini a nan. Har na kai ƙofa, sai na dawo.

"Baba, kamun ƙugun nan da kake cika mana baki da shi, anya gaskiya ne? Koya mini in gani."

Ya harare ni. Can ya ce, "Durƙusa. Zagayo da hannu ta nan. Da ƙafa ake ɗagawa, sakarai, ba da baya ba."

Na yi nishi, na ga taurari, sai ga shi tsaye. Ya kakkaɓe wando ya ce, "Ba ka iya ba. Gobe ma za mu maimaita."

Haka muka yi wata takwas. Kowace safiya darasi, daga gado ko daga kujera, yana zagina da yarensu. Duk Talata sai nas ta same shi tsaye yana yanka burodi. Ko sau ɗaya bai ce na gode ba, ni ma ban taɓa cewa taimako nake ba. Wallahi ina kewar zagin nan.

Kwas ya ƙare, aiki da mota suna jirana a Kaduna. Na ce zan koya wa maƙwabcinmu kamun, ya ce shi ba ya ɗaukar ɗalibi biyu.

Ranar tafiyata na ɗaga shi tun ƙarfe bakwai, alhali sai azahar tasi za ta zo. Na yi ta cewa ya zauna ya huta, ya ƙi, sai ya jingina da bango, zufa na keto masa. Sai da nake saka akwati a mota na gane dalili: in ya zauna, babu mai tashe shi.

Da muka sha kwana na waiwaya. Yana nan tsaye a bakin ƙofa.