Sunan da na laƙaba wa abokin wasana

Edita, ni tsoho ne a unguwar Lozells, nan ƙasar Turawa. Karatuna bai wuce na allo ba, shi ma tsokana ta fi kai ni. A lokacin da abin nan ya faru ina gadin wani sito, kuma bakina kaɗai ake tsoro a jikina. Da GP, wato likitan unguwarmu, ya ce ina da ciwon suga, sai aka tura ni zaman dattawa masu irin ciwon. Wani yaro ɗan Najeriya da ke karatu a jami'a ne yake jagoranta, shi da wata nas. Ba ya yi mana wa'azi. Sai ya sa mu zauna a kewaye, ya tambayi kowa abin da ya fi damunsa, da sharaɗin magana ba za ta bar ɗakin ba. Ni biskit na je nema, na tarar babu.

A cikinmu akwai abokin wasana. A zangon Kumasi aka yanke mana cibi mu duka, amma kakana Bakano ne, nasa Bazazzagi, don haka duk abin da na faɗa masa ya halatta. Wata rana ya daure ya gaya mana fitsari ya kufce masa a cikin bas, ya sauka ya taka har gida, kuma ƙafarsa ta dama ta daina ji kamar da. Nas ta ce lallai ya dawo a duba ƙafar. Juma'ar da ta biyo baya a ƙofar masallaci, gaban surukinsa, na kira shi Sarkin Famfo, na ba da labarin har da ƙari. Ya yi dariya tare da kowa, tunda abokin wasa ba ya fushi. Bai sake zuwa zaman ba. Da yaron ya tambaye ni ko lafiya, na ce lalaci ne irin na Zage-zagi.

Gyambo ya fito masa a tafin ƙafa, ya yi ta ɓoyewa har aka yanke ta daga gwiwa. Yanzu yana wajen 'yarsa a unguwar Gorton da ke Manchester. Na hau mota har Manchester neman gafara. Ina buɗe baki ya ce tun yaushe Bakano ya san kunya, ya sa a kawo min shayi marar sukari. Har na taso bai bar ni na ƙarasa ba.

'Yan uwana masu baki irin nawa, idan namiji ya buɗe cikinsa a irin wannan zama, ku bar maganar inda kuka ji ta, ko da ya taya ku dariya. Ni dai ga ni ina yawo da ƙafa biyu, kuma wallahi ba na jin daɗinsu.