Na Je Dutse Shaidar Jikata

Mun tashi da asuba daga Aujara, ni da ƙanin marigayi Malam. Fitata ta farko ke nan tun da na gama takaba, kuma har yau in na ga hularsa a rataye sai na yi kuka. 'Yar maƙwabta ce ke rubuta mini wannan, ni ban yi boko ba.

Ɗana da ke unguwar Yalwawa a Dutse ne ya bugo waya, wai an dakatar da 'yarsa Safiya daga makarantar 'yan mata, ana zargin namiji ce. Sai da na sa ya maimaita.

Kuɗin mota ya ninka tun rabona da hanya. Aka matse mu da buhunan riɗi da wata akuya da ta yi ta cin bakin mayafina har Jahun. Ƙosan da muka saya a hanya kuwa, kamar da cokalin shayi aka zuba shi. Da duwatsu da dabinai suka bayyana, na tuna Malam ne ya fara kawo ni garin nan, sai hawaye.

A gida aka warware mini zancen. Safiya doguwa ce, muryarta babba, kuma ta cinye gasar gudu. Wasu iyaye sun gani a waya cewa a ƙasashen Turawa namiji kan ce shi mace ne, doka ta yarda, ya shiga makarantar mata da gasarsu. Na yi salati. Ban taɓa jin haka ba, ban kuma yarda da shi ba. Amma me ya haɗa wannan da jikata? Wai sai an tuɓe ta an duba.

Muka je ofishin shugabar makaranta. Ta ce, "Iya, iyaye ne suka matsa mini." Wata uwa ta ce, "Ai ki ji muryarta ma." Na ce, "'Yar nan, ke ba ki jin tawa? A hannuna yarinyar nan ta faɗo. Ni na yanke mata cibiya, ni na yi mata wanka har arba'in. Mai son tuɓe ta ya fara da ni." Na yaye mayafina na kama ɗaurin zani. Shugabar ta miƙe tana cewa, "Subhanallahi, Iya, rufa mana asiri!" Ta ce Safiya ta koma aji gobe.

Da za mu taho, Safiya ta sa mini takalman gudunta a jaka. "Kaka, ki ba wani. Na daina." Malam da yana raye, da ya lallashe ta, amaryarsa mai dogayen ƙafafu. Ni na kasa.

Mun iso Aujara da la'asar. Tafiyar ta koya mini cewa maganar da aka yi a ƙasar da ban san sunanta ba tana iya tsayar da ƙafar yarinya a Dutse. Takalman ban ba kowa ba. Suna nan ƙarƙashin hular Malam, ko za ta aiko.