Dattijo da Bokitin 'Ya'yan Oak

A gidan man da ke gindin tsaunukanmu na Colorado, wani dattijo na durƙushe gaban bokitin ruwa. Dogo ne, kunnuwansa jajaye, aljihunansa sun kumbura kamar kumatun kurege. Lambar motarsa ta Dakota ta Arewa ce, inda gajeren itacen oak ɗinmu ba ya fitowa. 'Ya'yan itacen ya zo tsinta don ya shuka a gida, ga shi kaka ta kusa ƙarewa.

Nan kowa ya san gwajin: wanda ya taso saman ruwa tsutsa ta cinye cikinsa, wanda ya nutse shi ne iri.

Yana zuba na aljihunansa cikin bokitin. Duk suna tasowa.

"Baba, tun daga Dakota ka zo ɗibar tsutsa?" in ji Lorna mai shagon gidan man.

"Ke dai bari, 'yata. Matata cikin itatuwan nan ta girma, so take ta riƙa ganinsu ta taga."

Ina jin alkawari ya ɗauka kafin ya baro gida.

Sai ya cire hularsa, ashe da saura a ciki. Tsulum, tsulum, suna nutsewa har gindin bokitin. Yana sauke ajiyar zuciya, ni ma haka, ban ma lura shayina na zuba a takalmina ba.