Maccido Koci da Ɗan Farinsa

Duk wanda ya san Gidan Igwai ya san Maccido Koci, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Shi ne dogon dattijon nan mai usur a wuya, wanda muryarsa ke tashin unguwa bayan sallar asuba. Ni taubashinsa ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka ina da damar faɗar duk abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Sunana Siddiƙu, walda nake yi a bakin titi. Zobban ƙarfen da yaransa ke jefa ƙwallo a ciki ni na lanƙwasa su da hannuna, tun muna da baƙin gemu.

A Ƙofar Rini aka haife shi, gidan malamai. Yayyensa wannan alƙali, wancan limami, wani kuma babba a ma'aikatar ilimi. Shi kuwa aka tura shi kwalejin horar da malamai, ya je ya gamu da ƙwallon kwando, ya dawo mana da ita kamar wanda ya kwaso ciwo. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji. Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inno, ba ta yi faɗa ba, ta dai riƙe abin a ranta. Haka ya ƙare aikinsa na gwamnati yana koyar da wasannin motsa jiki a makarantu, a garin da kowa ya san da ƙafa ake buga ƙwallo. An yi masa dariya ba kaɗan ba, ni ma na taya. Amma ya nace ya samu wani fegi a bayan wata makaranta, ya bi masu hali gida-gida har aka malala masa siminti, ya tara yara ya sa musu suna Zaratan Gidan Igwai.

To, ga inda maganar take. Maccido yana da ɗan fari, Abdulshakur. Gidanmu kuma gida ne mai riƙe kunyar ɗan fari da ƙarfi. Da aka yaye yaron aka kai wa Inno, a ɗakinta ya girma. Uba ba ya faɗar sunansa, ba ya zama da shi, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa a gaban manya. In yaron ya shigo zaure, uban ya tuna yana da wani uzuri a waje. Mutane da yawa sun sassauta wannan al'ada yanzu, amma Maccido, da ya saɓa wa gidansu a kusan komai, ita ya rungume da hannu biyu. Ni dai a ganina ita kaɗai ta rage masa da zai nuna wa iyayensa cewa har yanzu shi ɗan gidan ne.

Babu wanda ya kai yaron filin. Da ƙafarsa ya zo wata rana da la'asar, yana ɗan firamare, ya tsaya a gefe. Maccido ya yi kamar bai gan shi ba har aka tashi. Washegari ya sake zuwa. Da abin ya ƙi ƙarewa, sai Maccido ya jefa masa wata tsohuwar riga mai lamba goma, ba tare da ya dube shi ba. Daga ranar yaro ya samu sunan da ubansa zai iya faɗa.

"Goma, ɗaga hannu! Goma, koma baya! Kai Goma, barci kake?"

Sauran mutane suna jin koci ne ke yi wa ɗan wasa tsawa. Ni da na san gidan na san abin da nake kallo. Wannan simintin shi ne kaɗai wurin da Allah ya ba Maccido ya kalli ɗansa ido da ido ba tare da kowa ya ce ya yi rashin kunya ba. In zai gyara masa riƙon ƙwallo sai ya kama gwiwar hannunsa, ya daɗe yana riƙe da ita fiye da yadda gyaran yake buƙata. Na sha tsokanarsa a kan haka, sai ya ce in je in ji da ƙarafana.

Yaro ya miƙe, ya wuce ubansa tsawo, har sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofar gidansu. Hannu kuma Allah ya ba shi. Daga ko'ina ya jefa sai ka ji raga ta yi motsi. Zaratan da a da ake zuwa kallo don a yi dariya suka fara ciyo kofi a Gusau da Kaduna. Masu shaguna suka riƙa rufewa da wuri ranar wasa. Har 'yan kabu-kabu suka koyi ƙirga maki. Kowa a gari Shakur, Shakur, in ban da mutum ɗaya.

Bara ne wani babban kulob na Legas ya ga wasansa a waya, suka aiko mutum takanas. Za su ba shi masauki da albashi, su sa shi jami'a, in ya yi ƙoƙari har ƙasar waje. Gari ya ɗauka. A teburin mai shayi, a majalisa, a bakin masallaci, magana ɗaya ce: zai tafi ko zai zauna? Wasu suka ce in ya zauna ya cuci kansa. Wasu suka ce in ya tafi Zarata sun mutu. Mutumin Legas ya je gun Maccido da ladabinsa, tunda an gaya masa shi ne uban kuma shi ne kocin. Maccido ya dubi ƙasa ya ce a je a tambayi masu yaron. Baƙo ya fito yana tambayata ko akwai wata gaba a tsakaninsu.

A cikin wannan makon Maccido ya zube. Ya daina cin abinci, ya manta da usur a gida, abin da ban taɓa gani ba. Wata rana da hantsi ya shigo rumfata, ya zauna a kan wata ƙofar ƙarfe da ban gama ba.

"Siddiƙu, ka tai ka hwaɗa mai kak ya tahi."

"Bakinka mi yas same shi?" na ce.

"Ka san ba ni iyawa."

"Don kulob kaka hwaɗi, ko don kanka?"

Can ya ce, "In yat tahi, ina ni ka ganinai? Ko ya zaka hutu, gida za shi sabka. Gida kau ka san yadda muke." Sai ga hawaye a gemun mutumin da na sani tun muna yawo ba wando. Wallahi tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi tausayin yawa.

Na je na samu Shakur a zauren Inno yana wanke takalmansa. Na isar da saƙo yadda aka ba ni. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Baffa, ni ban ƙi zama ba. Legas ba ta tsone min ido ba. Amma tun ina yaro ban taɓa jin abin da shika so gare ni ba, sai ɗaga hannu da koma baya. In shina son in zamna, shi hwaɗa min da bakinai. In tahiya ta ma, shi hwaɗi. Dut wadda nij ji, ita ni ka bi."

Na kawo wa Maccido amsa, na ce ga hanya ta buɗe, kalma ɗaya ce. Ya ce zai gwada. Da yamma bayan atisaye na kwashe sauran yaran da hujjar su taya ni ɗaukar ƙarfe, na bar su su biyu a fili, na laɓe a bayan katanga. Maccido ya tsaya, ya gyara murya, ya sake gyarawa. Shakur ya rungume ƙwallo yana jira. Na ga bakin dattijon yana motsi babu sauti. Da maganar ta fito, ga abin da ya ce:

"Goma, hannunka na hagu har yanzu da saura."

Yaron ya ɗan ƙara jira. Sannan ya ajiye ƙwallon a hankali ya ce, "To, Koci." Ya ɗauki jakarsa ya fita. Da a ce ba taubashina ba ne, kuma ba dattijo ba, da na mare shi a wurin.

Washegari labari ya bazu cewa Shakur ya amsa wa mutanen Legas, ƙarshen wata zai tafi. Nan ne Maccido ya rasa inda zai sa kansa, ya yi abin da bai shawarce ni ba. Ya tafi gun Inno. A gidanmu maganar wadda ta raini yaro ita ce magana, ba a tsallake ta. Ba zai iya ce mata yana son ɗansa kusa da shi ba, wannan ma rashin kunya ne. Sai ya ɗora laifin a kan ƙwallo. Ya ce ƙwallo za ta kai yaron garin da babu mai tashinsa sallah, za ta haɗa shi da mutanen banza, daga can ta wuce da shi ƙasar da ba a dawowa. Ya zuba mata duk maganganun da aka yi ta zuba masa shi kansa yana saurayi.

Inno ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ƙwaƙwalwarta garau. Ta sa aka tara mu bayan sallar Juma'a, yayyen Maccido da ni da shi, aka kira Shakur ya durƙusa a gabanta.

"Abin ga," ta ce, "shi yaɗ ɗauke min ɗa guda ina kallo, ban ce komi ba. Yanzu ya dawo ɗaukar na biyu. Uban nan naka da bakinai yac ce min halaka ta. To, ka jiya: ba ka zuwa Legas. Kuma in hannunka yas sake taɓa ƙwallon nan, nan ko wani gari, ban yahe ma ba, duniya da lahira."

Ba haka Maccido ya roƙa ba. Shi Legas kaɗai yake so a toshe. Na dube shi, na ga fuskarsa ta yi fari. Shakur ma ya ɗago ya dube shi, kai tsaye, abin da bai taɓa yi a cikin gida ba. Abin da ake buƙata kawai uban ya ce, Inno, a bar masa ta nan gida. Amma ta yaya zai buɗe baki ya roƙar wa ɗan farinsa alfarma a gaban uwarsa da yayyensa? Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

Ni na yi magana. Na ce Inno a sassauta, yaron nan baiwa ce Allah ya ba shi. Ta ce, "Siddiƙu, ga ubanai nan zamne. In da gyara cikin maganata, shi ka hwaɗi." Aka jira. Maccido bai ɗago kai ba. Aka shafa fatiha.

Na koma gunta daga baya har ban san iyaka ba. Amsarta ɗaya ce, ta riga ta furta, kuma mai hakkin magana yana wurin bai musa ba. Maccido kuwa ya je ƙofar ɗakinta ya fi a ƙirga, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya taso.

Shakur bai tafi ba. Masu cewa zai zauna sun ci gardama. Mutanen Legas suka yi ta kira har suka haƙura. Wani abokinsa ya samo masa Keke Napep yana ja tsakanin Gidan Igwai da Ƙofar Taramniya, gwiwoyinsa na dukan kan keken saboda tsawo. Zarata suna nan, ana cin su ana ƙari, 'yan kallo sun koma inda suka fito. Maccido bai fasa zuwa fili ba ko rana ɗaya, sai dai yanzu ya fi zama a kan benci.

Kwanan baya ina filin da la'asar ina gyara zoben da ya karye. Wani yaro ya yi jifa ta wuce allon da ke bayan zoben, ƙwallo ta tsallake katanga ta gangara titi. Maccido ya fi kowa kusa da ƙofa, ya bi ta, ni ma na leƙa daga kan tsani. A daidai lokacin wani Keke ya taka birki, ƙwallon ta je ta tsaya a jikin ƙafar mai tuƙin. Shakur ne, da fasinja biyu a baya.

Na ga hannunsa ya sauko da kansa, yatsu a buɗe, saura kaɗan. Sai ya janye shi da sauri, ya ɗaga ƙafarsa, ya haɗa hannayen biyu ya matse a tsakanin cinyoyinsa. Fasinja suna cewa malam ka miƙa wa tsoho mana. Ya zauna haka yana kallon gaba, har ubansa ya ƙaraso, ya dafa ƙarfen Keken, ya durƙusa da ƙyar a gaban ƙafafunsa ya ɗauki ƙwallon.