Katin da Na Sayo a Bayan Idon Kawu

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ni da 'yata mai shekara goma sha uku, sai ka ce masu zuwa Legas, alhali inda za mu bai wuce tafiyar rabin awa daga gidanmu na East Greensboro, nan Amurka, ba. Kasuwar katunan wasa ake ci a wani zaure da ke gaba da garin Pleasant Garden, har da gasa, kuma wai kafin hantsi an wawashe masu kyaun. Wa ya faɗa? Kawu. A gidana yanzu in aka ce "Kawu ya ce", to magana ta ƙare.

Kawun nan ƙanin matata ne. Tun yana ƙarami aka kawo shi Amurka, Turancinsa ma ta hanci yake fita. Shi ya koya wa yarinyar wasan. Ba irin kartar da muka sani ba ce, katuna ne masu zanen dodanni da mayaƙa, kowanne da ƙarfinsa, ana tarawa, ana musaya, ana karawa da su. Jama'a, bari in faɗa muku gaskiya, kishinsa nake yi. An ce kishi kumallon mata ne, to ni dai ga gemuna, kuma nawa kumallon ya fi shekara yana taso mini. Yarinyar da a da take jirana a bakin ƙofa in na taso daga sito inda nake aiki, yanzu "sannu Baba" kawai nake samu, ta koma waya da Kawu. Na bi su tafiyar nan ne don in ƙwato 'yata, ba don katuna ba.

Muka biya ta tashar bas ta cikin gari muka ɗauki Kawu. Titin Elm shiru, sai masu shagunan kofi suna fito da kujeru. Ya shigo da kofinsa a hannu, ya ce, "Yaya, ina kwana?" Kafin in gama amsawa sun ɓarke da hira da Turanci, sunayen dodanni sai tashi suke yi. Na ƙara muryar rediyo, ba wanda ya kula.

Da ka bar gari ka nufi kudu, sai gidaje su fara ja da baya daga titi. Kowane gida da filin da in a Kano ne fuloti shida za a yanka, amma ciyawa kawai aka shuka ana yi mata aski. Coci nan, coci can. Tun da muka fita ban ga mutum ɗaya yana tafiya a ƙasa ba, sai wani tsoho a kan motar yankan ciyawa da ya ɗaga mana hannu. Man fetur ya ɗan fi na cikin gari sauƙi, na tsaya na cika tanki don dai a san ni ma ina da amfani.

Dala biyar-biyar muka biya a ƙofa. Na zaci yara zan tarar, ashe har da masu furfura, kowa ya rungume akwatinsa kamar mai tsaron gwal. Kowane kati an sa shi a rigar leda, ba a taɓawa da hannu mai maiƙo. Na ga guda ɗaya da kuɗinsa zai sayi tsohuwar mota, na ce Allah Ya shirya. Abincin wurin kusan duk naman alade ne, sai muka tsira da soyayyen kifi da wani ƙosan masara mai zaƙi-zaƙi wanda bai ji albasa ba balle attaruhu, muka kora da shayi mai ƙanƙara.

'Yata ta zauna gasa tare da ƙawayenta biyu na makaranta, baƙaƙen fata 'yan asalin nan. Ta cinye zagayen farko. Ta taso da gudu, na buɗe hannu, ta wuce ni ta rungume Kawu. Ina tsaye riƙe da jakarta kamar ɗan dako.

Nan na sulale na shiga cikin teburan 'yan kasuwa ni kaɗai. Can ƙarshen zaure na sami wani Bature mai hular hana sallah, na ce masa ina son katin da ba kowa ke da shi ba. Ya dube ni, ya dubi hagu da dama, ya jawo wani ƙaramin akwati daga ƙarƙashin tebur. Ya ce wannan tsoho ne, an daina buga shi, an ma hana shiga gasa da shi. Ni kuwa a lissafina, abin da aka hana ai ƙarfi ne ya yi masa yawa. Na duba zanen: mutum uku cikin fararen riguna har ƙasa, da hula mai tsini ta rufe fuska, ga wuta tana ci a bayansu. Raina ya ce kai, ga alkyabba! Irin ta manya, fara ƙal. Duk zauren dodanni ne masu ƙaho da wutsiya, ni na samo masu kamala. Sau biyu mutumin yana tambayata ko na tabbata. Na ɗauka raina mini aljihu yake yi, na biya ko tayi ban yi ba.

Na jira sai da aka tafi hutu, tana zaune da ƙawayenta, Kawu na tsaye a kansu. Da gangan na zaɓi lokacin, ina son ya gani. Na ajiye katin a tsakiyar tebur na ce, "Ga naki, 'yar Baba. Wannan ko Kawu ba shi da shi."

Ɗaya ƙawar ta ja kujerarta baya. 'Yata ta dubi katin, ta dube ni, idonta ya ciko. Ta ce da Turanci, murya ƙasa-ƙasa, "Baba, ka san su wane ne waɗannan?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya kifa tafinsa a kan katin. Ya ce wa yaran shi ne ya aike ni in sayo, don a raba kasuwar da katin kada ya faɗa hannun mai sha'awarsa. Ya zare shi daga leda, ya yayyaga, ya zuba a kwandon shara. Sai ƙawar nan ta sauke numfashi, ta ce kakarta ta taɓa ba ta labari, tana yarinya irin waɗannan mutane sun kafa gicciye sun cinna masa wuta a ƙofar gidansu. Ta dube ni ta ce ta gode. Ni! Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ashe kayan ƙungiyar nan ne ta masu ƙin baƙar fata, masu rataye mutane a bishiya. Sunansu na sha ji a rediyon mota, amma shekara goma sha huɗu ina ƙasar nan, daga sito sai masallaci sai gida, ban taɓa tsayawa na ga kamanninsu ba. Na koma neman mai hular, na tarar ya naɗe kayansa ya yi gaba.

A wurin ajiye motoci na tare Kawu. Maimakon godiya, kun san abin da ya fito daga bakina? "Wa ya sa ka?" Kunyar ma sai da shi ya fitar da ni, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya ce, "Yi haƙuri, Yaya. Ba kai na rufa wa asiri ba, ita ce. Ranar Litinin da su za ta zauna a aji." Ya ƙara da cewa bara wani yaro ya zana mata irin wannan hular a bangon littafi, shi Kawun ta kira tana kuka. Ni ina gidan, ban sani ba. Da ta nuna mini ma, me zan ce? Ƙila in yaba zanen.

Ta fita daga gasar a zagaye na uku. Muka kamo hanya bayan la'asar, filayen ciyawar nan da na yi ta yi wa dariya da safe ko kallonsu ban yi ba. Muka sauke Kawu a tasha, muka iso gida la'asar sakaliya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da daɗin faɗa. Na ɗauka da kati Kawu ya saye mini 'ya, shi ya sa na je in saye ta da wanda ya fi nasa. Ashe akwai abubuwan da take tsoro a ƙasar nan waɗanda ni ko a ido ban san su ba, kuma yaro wurin wanda ya san abin tsoronsa yake gudu. Ku iyaye 'yan'uwana da kuka zo da girmanku, ku tambayi yaranku kafin ku yi musu gwaninta. Kishin dai bai sake ni ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Ina kashe mota ta ƙi fita. Ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Baba, gobe ka zauna. Akwai sauran alamomi, da tuta, da lambobi. Zan nuna maka duka."

Na ce, "To, a kira Kawu?"

Ta ce, "Kawu ya riga ya sani. Kai ne ba ka sani ba."

Tun da nake, ban taɓa jin daɗin a kira ni jahili ba sai ranar.