Ranar da Maƙwabta Suka Ɗauka Yunwa Muke Kwana da Ita

Ko da zan manta komai na zamanmu a Durumi, ba zan manta wata ranar Laraba cikin damina ba, don har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

Lokacin gine-gine ne ke ta tashi ko'ina a Abuja, maigidana yana aikin lebura, muna haya a ɗaki ɗaya. In ruwa ya sauko ba wurin girki a waje, dole in shigo da murhu ciki. Icen ga shi jiƙaƙƙe, sai ɗakin ya turnuƙe, ido na hawaye. Ni dai na ɗauka haka girki ya gada, don kuwa haka na taso na ga uwata tana yi.

Sai 'yata ta fari ta kama tari, numfashinta har ƙara yake yi. A asibiti wata nas ta gwada ƙirjinta, ta shinshina zanen goyona, ta ce, "Maman yarinya, a ɗaki kike girki ko? Maganin nan ba zai yi aiki ba in tana shaƙar hayaƙi."

Hankalin maigida ya tashi. Ya yi ta cigiya har ya samo wani murhu a kasuwar Utako, jikinsa ƙarfe, cikinsa yumɓu, da bututun da ke fitar da ɗan hayaƙin da ya rage ta tagar baya. Busassun ƙirare kaɗan sun isa tuwo da miya, ga ɗaki ya yi ɗumi. Tarin yarinya ya fara sauka, ni kuma daɗi ya sa ko ƙofa na daina leƙawa.

Abin da ban lura da shi ba, a layinmu da hayaƙi ake gane an ɗora tukunya. Kwana da kwanaki ba a ga na ƙofarmu ba, ga maigida a gida saboda ruwa ya tsayar da aiki.

Ranar Larabar da hantsi sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce 'yar Borno da muke kira Iya, da maƙwabciyata Bagwariya mai sayar da doya. Iya na riƙe da kwanon garin masara a ƙarƙashin mayafi, ɗayar ta rungumo doya da kwalbar manja, suna waige-waige kada a gan su.

"'Yata," in ji Iya, murya ƙasa-ƙasa, "ba a ɓoye wa maƙwabci yunwa. Mu da muka yi gudun hijira mun san shi. Karɓi, ba wanda zai ji."

"Iya, yunwa kuma?"

"Haba Madam," in ji mai doya, "tun yaushe ba ka hura wuta? Oga ma ba ya fita aiki."

Sai a nan na gane. Na ɗaga labule na ce su shigo. Ga tukunyar wake na ta ɓararraka, ga yarinya na wasa kusa da ita. Iya ta tsuguna, ta leƙa ƙasan murhun, ta tafa hannu tana salati. Mai doya kuwa dariya ta yi har ta zauna dirshan. Ni ma dariyar nake, amma hawaye na zuba.

Suka rantse ba za su koma da kayan ba. Muka fere doyar muka zuba a waken, aka kira sauran matan layi, muka ci tare. Kowacce sai ta ɗaga kai ta duba rufin ɗaki tana mamakin rashin hayaƙi. Kafin damina ta fita, Iya, wadda ta daɗe tana fama da ciwon ido, ta sa ɗanta ya kawo mata irin murhun, wasu ma suka bi.

Yarinyar nan yau budurwa ce lafiyayya. Na koyi cewa ba duk wahalar da muka gada ce dole ba. Na kuma koyi cewa idon maƙwabci ba kullum na gulma ba ne. Wani yana kallon ƙofarka ne don ya tabbatar ka ci abinci.