Murhun Da Na Gina Ban Tambayi Iska Ba

Shekarun baya, baya sosai, lokacin da tutar 'yancin kai ko koɗewa ba ta fara ba, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma bi da istigfari. Lokacin ina sabon ango a wani ƙauye tsakanin Makarfi da Gazara, ga ƙarfi ga kuma kai mai faɗa mini cewa duk garin babu wanda ya kai ni wayewa.

Sana'ar gidanmu mazarƙwaila ce. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, don haka kawuna, yayan mahaifiyata, shi ya riƙe mu, kuma shi ne mai injin matse rake. Doki ke zagayawa yana juya injin, ruwan rake na tsiyaya, a dafa shi a babban kasko har ya yi kauri, sannan a zuba a ƙananan tasoshi ya daskare. Can cikin fadama ake wannan aiki, kusa da gonar raken. Kowace shekara kafin a haƙa murhu, kawu zai ɗebi toka cikin tafin hannu ya watsa sama da hantsi, kwana uku a jere, ya ga inda ta nufa. Sai ya sa a haƙa murhun ta yadda hayaƙi zai bi daji, ba gari ba. Tambayar iska suke ce wa abin. Ni kuwa a wurina camfin tsofaffi ne kawai.

Abin da ya ƙarasa lalata ni tafiya ɗaya ce da na yi Kaduna. Abokina direban lori ne ya ɗauke ni muka kai kaya. Muna shiga unguwar masaƙa na hango dogon bututu yana tunkuɗo baƙin hayaƙi, na saki baki ina kallo har hulata ta faɗi. Abokina ya ce, "Ka ga ci gaba ke nan. Duk inda ka ga baƙin hayaƙi, arziki ne ke dahuwa." Wallahi wannan magana ta shige ni kamar karatun allo.

Ba a jima ba gwiwoyin kawu suka gaza, ya damƙa mini injin. Abu na farko da na yi shi ne na ɗauko aikin daga fadama na kawo shi bakin hanya, bayan gidanmu, don lori ta riƙa tsayawa a ƙofa. Na gina murhu, na ɗora masa bututu da laka da tsofaffin ganguna. Sai dai busasshen raken da muke hura wuta da shi farin hayaƙi yake yi, siriri, ba kwarjini. Abokina ya warware mini matsalar, ya riƙa kawo mini tsofaffin tayoyi da baƙin man da ake juyewa daga injin mota. Wuta ta ci kamar ta yi magana, ruwan rake ya riƙa dahuwa da wuri, hayaƙi kuwa baƙi ƙirin, ana hango shi tun daga hanyar Kudan. Mutane suka sa mini suna Mai Kamfani, ni kuma har tafiyata ta canza.

Ranar da kawu ya dogara sanda ya zo ganin aikin, ya daɗe yana kallon bututun. Sannan ya ce, "Ka tambayi iska kuwa?"

Na ce, "Haba Kawu! Turawa ma sun tattara sun tafi, yanzu kuma iska ce za ta ba mu izini?"

Ya juya ya tafi. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To ni ko rimin ban hau ba, bututu na hau.

Iskar rani daga gabas take tasowa a wurinmu, kuma murhuna yana gabas da sashen mahaifiyata daidai. A tsakar gidanta take shanyar kuka da kuɓewa da barkono, a nan randar ruwanta take. Kullum baƙin gari na sauka a kansu, ta share, ya sake sauka. Ga shi ni ɗan fari ne. Ku 'yan yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duban idona, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da saƙo, sai ta faɗa wa matata, ko ta faɗa wa kajinta da ƙarfi yadda zan ji. Wata safiya ina wucewa na ji tana watsa musu tsaba tana cewa, "Ku ci, ku ci. Ku dai gaya wa wancan miyar kuka ta fara ɗanɗanon taya." Na ƙyalƙyale da dariya na wuce, wai ni an yi mini barkwanci.

Haka muka yi rani huɗu. Na ga Inna tana ramewa, na ce tsufa ne. Na ga tana mayar da tuwo ba ta ci rabi ba, na ce zafi ne. Sai wata rana da hantsi matata ta biyo ni har bakin murhu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce in zo gefe.

Ta ce, "Inna ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, amma gara ta yi fushi da ni. Wata da watanni ke nan tana ganin jini in ta zaga bayan gida. Cikinta na murɗawa. An ce basir ne, duk wani jiƙo da sassaƙe ta sha, abin sai gaba yake yi."

Na ce, "Me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ta ce, "Wa zai gaya maka? Ita da ko sunanka ba ta iya faɗa, wannan za ta faɗa maka?"

Sai na tuna cewa shekara guda kafin nan wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, kuma da irin waɗannan alamu ya fara. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na san ko na yi shekara ina roƙo daga bakin ƙofa Inna ba za ta bi ni asibiti ba, sai na ruga wurin kawu. Ya zo ya zauna a ƙofar ɗakinta, aka gaisa, aka tambayi gida da kaji da awaki, sannan ya ce, "Gobe za ki Zariya. Ba shawara na zo yi ba." Maganar yaya ce, ba ta da yadda za ta yi.

Lorin abokina, wadda ke kawo mini tayoyi, ita ta ɗauke mu. Ranar Inna ta fara shiga mota. Ta riƙe ƙofa da hannu biyu tun daga Makarfi har Zariya, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati, ta kuma ce wa matata a gaya wa direba ba gudun yaƙi muke ba.

An yi kwanaki ana gwaje-gwaje. Daga ƙarshe likita ya kira ni, ya ce akwai tsiro a hanjinta, irin wanda kan zama ciwon daji, kuma dole a yanke shi. Ya ce mun yi sa'a bai yi nisa ba, da mun ƙara watanni da labarin ya sha bamban. Sai ya tambaye ni tarin da take yi, da baƙin da ya ga ya kama mayafinta, ya ce wane irin aiki ake yi kusa da gidan. Kun san halin mutum. Na gyara zama na fara da murya mai kauri, "Ai ina da kamfani..." Ina zuwa kan tayoyi da baƙin mai na ga yadda yake dubana, sai muryar ta riƙa sirancewa har ta ɓace.

Ya ce, "Malam, ba zan rantse maka cewa hayaƙinka ne ya kawo wannan tsiro ba. Mutane na samunsa ko babu hayaƙi. Amma abin da mutum ya shaƙa shekara da shekaru, da wanda ya sauka a kan abincinsa da ruwan shansa, ina kake jin yake zuwa? Cikinsa yake zuwa. Da uwata ce, ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin wannan bututu ba."

Kunya ta kashe ni a zaune. An sa ranar tiyata jibi, don haka na hau mota na koma gida, na ɗauki gatari da galma na rushe bututun da hannuna. Mutane suka taru suna kallo, wani ya ce kamfani ya karye ne? Na ce a'a, mai kamfanin ne ya warke. Na sa aka kwashe ragowar tayoyin, na zubar da duk shanyar Inna, na fasa tsohuwar randar, sannan na koma Zariya.

Ranar tiyata ni da kawu muna zaune a gindin wata bishiyar darbejiya, yana jan carbi, ni kuwa na kasa haɗa ko addu'a ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Bai ce mini ai na gaya maka ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun ya fi mari zafi. Wajen azahar matata ta fito da gudu, mayafi a hannu, tana dariya tana hawaye. An cire tsiron, Inna ta farfaɗo. Na ce me ta fara cewa? Matata ta ce, "Cewa ta yi, wancan ya ci abinci kuwa?" Nan na durƙusa na yi kuka a gaban jama'a, ƙato da ni, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Dawowarta gida biki ya zama. Dangi suka zo daga Paki da Kudan da Ikara, aka cika gidan da fura da ƙwai da kaji, har kajin Inna na asali suka rasa wurin kiwo. Ita kuwa ta samu labarin bayarwa. Duk macen da ta zo barka sai ta ji yadda aka sa ta barci da rana tsaka, aka buɗe ta aka ɗinke kamar buhu. Kullum ɗinkin ƙara tsawo yake a bakinta, har matata ta ce in aka ci gaba a haka zai zagayo ta baya. Ranar da na ga ta cinye malmalar tuwo guda ta nemi ƙari, daɗin da na ji ya fi na ranar aurena, kuma na faɗa wa matata haka, ta ce ta yafe mini.

Da lokacin matsar rake ya zagayo, na mayar da inji da doki fadama. Ranar haƙa murhu na sa farar rigata, wai don in nuna na tuba, na roƙi kawu ya zo ya tambayi iska. Muna tsaye sai ga Inna tafe a hankali, matata na riƙe da ita. Mace ba ta zuwa wannan wuri, amma wa zai hana ta? Ta miƙa wa kawu hannu, ya zuba mata tokar. Ta yi bisimilla ta watsa sama. Iskar da tun safe ke kaɗawa gefe guda sai ta juyo, ta kwaso tokar nan kaf ta juye mini a fuska da hula da farar riga.

Wurin ya kaure da dariya, kawu har da zama a ƙasa. Ina murza ido ina tari, da na buɗe sai na ga Inna tana dubana, ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Tana dariya har tana riƙe wurin ɗinkin. Ta ce, "To, ka ji amsa?"

"Ka" ta ce mini. Ba wancan ba, ba ta bakin kaji ba. Na ce, "Na ji, Inna."

Ta rayu bayan nan har ta goya jikoki, ta ga tattaɓa-kunne, kuma ba ta sake yi mini magana kai tsaye ba sai jefi-jefi. Yanzu nakan ji likitoci a rediyo suna gargaɗi kan hayaƙin masana'antu da ciwon dajin hanji ga masu zama kusa da su, suna cewa wanda ya ga jini a bayan gidansa kada ya tsaya cewa basir ne, ya je a duba shi. Nakan gyaɗa kai kawai. Har gobe ban sani ba ko hayaƙina ne ya kwantar da ita, likitan ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne na yi rani huɗu ina ɗaga kai ina kallon inda hayaƙina ke tashi, ban taɓa sunkuyawa na dubi inda yake sauka ba, alhali a kan kuɓewar mahaifiyata yake sauka.

Na tsufa yanzu, 'ya'yana ma sun maye gurbin injin dokin da na fetur. Amma ko shara za a ƙona a gidana sai na fito da 'yar tokata a hannu, suna ta dariyar camfin tsoho. Nakan bar su su yi, ai ni ma na yi tawa. Farar rigar kuwa tana nan a ƙasan akwatina, ban taɓa bari an wanke ta ba.